Rubutun «ƙila akwai ɓurɓushin gyada» a jikin fakiti: yaushe ya wajaba, yaushe yake cutarwa?

Mai_Garin_Kunu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da ƙaramar sana'a a Kano, inda nake haɗa garin kunun yara iri biyu, ɗaya na gero da waken suya da gyada, ɗaya kuma na gero da dawa zalla, sannan ina yin yajin tsire ina ƙullawa a leda. Yanzu ina shirin neman rajistar NAFDAC, kuma wanda yake tsara mini takardar da za a manna a jikin fakiti ya ba ni shawarar in rubuta a kan kowane kaya cewa ƙila akwai ɓurɓushin gyada da riɗi da madara da ƙwai da alkama, wai haka manyan kamfanoni suke yi domin kada wani ya ci ya samu matsala a ɗora musu laifi. Abin da ya hana ni amincewa shi ne madara da ƙwai ba su taɓa shiga wurin aikina ba, kuma garin gero da dawa na fara yin sa ne saboda iyayen da suke gaya mini cewa 'ya'yansu ba sa jituwa da gyada. Idan na rubuta wannan gargaɗi a kansa, wa na yi wa ke nan? Idan kuma ban rubuta ba, alhali inji ɗaya ne yake niƙa mini garin duka biyun, ina tsoron ɗaukar alhakin ɗan wani. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su bayyana mini yadda ake yanke wannan hukunci.

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a ganina ki rubuta duka kamar yadda ya ce miki. Layi ɗaya ne a jikin takarda, ba zai ƙara miki kuɗin bugu ba, kuma wanda ya san jikinsa ba ya karɓar wani abu zai gani ya kauce.

Mai_Duba_Inganci_Bompai:
Hajiya, kafin a zo kan maganar Malam Abu Sumayya, akwai abin da ya kamata a raba, domin kayanki uku ba hukunci ɗaya suke da shi ba. Abin da kika zuba da hannunki a cikin haɗi, wurinsa jerin kayan haɗi ne, kuma faɗinsa wajibi ne. Yajin tsire da ƙuliƙuli ake yin sa, saboda haka a kansa babu maganar «ƙila», sai dai ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana ɗauke da gyada, haka ma garin da kika sa wa gyada da waken suya. Ƙa'idojin NAFDAC na rubutun jikin abincin da aka ƙulla suna bin sawun Codex, wato hukumar ƙa'idojin abinci ta FAO da WHO (hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya), wajen neman a bayyana irin waɗannan abubuwa da jikin wasu mutane ba ya karɓa idan suna cikin haɗi.

Rubutun gargaɗi kuwa an tanade shi ne domin abin da ba ki yi niyyar sa shi ba, amma yana iya shiga ta hanyar inji ko buhu ko ludayi ko ƙurar da take tashi a ɗakin aiki, kuma sai bayan kin yi iyakar ƙoƙarinki na hana shigarsa kin ga ba ya hanuwa. A kundin da Codex ta fitar a 2020 kan yadda masu sana'ar abinci za su kula da waɗannan sinadarai, tsarin aikin shi ne a bi kaya tun daga mai kawo shi har zuwa rufe fakiti, ana tambaya a kowane mataki ko akwai ƙofar da wani abu zai shiga. Idan kika bi naki haka, za ki ga madara da ƙwai ba su da ƙofa ko ɗaya, sai fa idan wani daga cikin kayan da kike saye ya zo da su. Rubuta su ya zama faɗin abin da ba ki da dalilinsa. Tambayarki ta gaskiya tana kan kaya ɗaya ne tak, garin gero da dawa, kuma tana kan injin niƙa.

Ummu_Faruk:
Malam Abu Sumayya, da za ka shiga kanti tare da ni sau ɗaya da ba ka ce layi ɗaya ne kawai ba. Ɗana yana da matsalar gyada mai tsanani, muna zaune a Ingila, kuma a nan doka ta tilasta bayyana abubuwa 14 idan suna cikin haɗi, amma rubutun «ƙila» kowane kamfani yana yin sa ne yadda ya ga dama. Sai ka ɗauki biskit ka ga gargaɗin gyada, ka ɗauki burodi ka gani, ka ɗauki garin yaji ka gani, har ka rasa abin da za ka saka a kwando. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da nake ji daga sauran iyaye: da yawa sun daina kula da rubutun, domin sun sha ba yaransu kayan da ke ɗauke da shi ba abin da ya faru, sai suka ɗauka duk kamfanonin kare kansu suke yi. Ranar da suka haɗu da wanda gargaɗinsa na gaske ne, babu alamar da za ta nuna musu bambanci. Duk mai sana'ar da ya rubuta gargaɗi ba tare da dalili ba yana rage wa gargaɗin mai dalili ƙarfi, kuma yaranmu ne a tsakiya.

Dan_Dawanau:
Ku gafarce ni, amma ni ina ganin muna ɗauko damuwar da ba tamu ba. Mu da aka yaye mu da kunun gyada, muka tashi da ƙuliƙuli a aljihu, miyar taushe da gyada, kilishi da gyada, ban taɓa jin wanda gyada ta kai asibiti a unguwarmu ba. Wannan ciwo na Turawa ne, kuma dokokinsa ma nasu ne.

Likitar_Yara:
Malam Dan Dawanau, akwai gaskiya a rabin maganarka, kuma bincike ya goyi bayan wannan rabin. A wani nazari da aka yi kan 'yan makaranta a Ghana, wanda aka wallafa a 2013, gwajin jini ya nuna alamar gyada a jikin yara da yawa, amma ƙalilan ne ƙwarai suke samun matsala idan sun ci, kuma masu binciken sun danganta wannan saɓani da cutar tsargiya, wadda take sa gwajin ya nuna abin da babu. Haka kuma binciken LEAP da aka yi a Landan, wanda sakamakonsa ya fito a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai masu haɗari gyada da wuri ya rage kamuwa da matsalar da kusan kashi 80 cikin ɗari, wato al'adarmu ta kunun gyada tana iya zama kariya.

Sai dai ƙaranci daban, babu daban. Muna ganin yaran da leɓensu da fatar idonsu suke kumbura bayan cin gyada ko ƙwai ko madara ko kifi, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, a gida a ce borin jini ne ko iska, ba a haɗa shi da abin da aka ci. Mai tsanani kuwa yana zuwa da shaƙewar murya da wahalar numfashi da amai da sumewa cikin mintuna, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a cinya, wadda irin ta ɗauka a jaka ba kasafai ake samunta a wurinmu ba. Wannan ne ya sa nake ganin rubutun jikin fakiti ya fi muhimmanci a nan, inda taimakon gaggawa yake da nisa. Ina kuma jan hankalin masu sana'a cewa suya da tafasa ba sa kashe abin da yake tayar da ciwon gyada, domin furotin ne mai jure zafi, ba ƙwayar cuta ba ce. Sannan kada a haɗa wannan da wanda madara take ɓata wa ciki saboda sukarin da ke cikinta, wancan rashin narkewa ne, ba ya toshe numfashi.

Malamin_Kimiyya_Samaru:
Hajiya mai tambaya, bari in kawo lissafin da masana suke amfani da shi, domin hukuncin yanzu ba a bar shi ga zato ba. Daga 2020 FAO da WHO sun tara kwamitin masana da ya duba sakamakon gwaje-gwajen asibiti, inda ake ba masu matsalar abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita har a ga adadin da jikinsu yake fara nuna alama. Daga nan suka fitar da ma'auni ga kowane abinci, wato adadin furotin da idan aka ci a zama ɗaya, kashi 95 cikin ɗari na masu matsalar ba za su nuna alamar da ake gani ba. Na gyada da madara da ƙwai da riɗi miligiram 2 ne kowanne, na alkama da kifi miligiram 5, na yazawa miligiram 1, na jatan lande miligiram 200.

Yadda ake mayar da shi aiki shi ne a raba wannan adadi da yawan abin da mutum yake ci a zama ɗaya. A ce yaro yana shan kunun da aka dama da giram 40 na gari: miligiram 2 a raba da kilo 0.04, ya ba da miligiram 50 na furotin gyada a kowane kilo na gari. Wannan ce iyakarki. To yanzu dubi inji. Kusan rubu'in nauyin gyada furotin ne, saboda haka idan giram 10 kacal na gyada, wato kimanin cokali ɗaya, ya saura a cikin inji ya gauraye da kilo 20 na garinki, kin samu miligiram 2,500 a kilo 20, wato 125 a kowane kilo, ninki biyu da rabi na iyakar. Idan saura ya kai giram 100, kin kai 1,250. Wannan misali ne na lissafi, ba awon injinki ba, amma ya isa ya nuna miki cewa a inda ake niƙa gyada, gargaɗi ba zai zama ado ba.

Ummu_Faruk:
Malam, na gode da bayanin, amma akwai abin da ya tsaya mini. Kashi biyar da suka rage fa? Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma ban san ko nawa yana cikinsu ba.

Malamin_Kimiyya_Samaru:
Damuwarki tana kan hanya, 'yar'uwa, kuma masanan ma sun yi jayayya a kai. Tsarin VITAL na Ostareliya da New Zealand, wanda kamfanonin abinci suke bi wajen yanke lokacin da za a rubuta gargaɗi, wanda kuma ya fara a 2007, a bugunsa na 2019 ya yi amfani da ma'auni mafi tsauri mai kare kashi 99, inda na gyada ya kasance miligiram 0.2. Abin da ya sa kwamitin FAO da WHO ya zaɓi na kashi 95 shi ne bayanan da suka duba sun nuna cewa alamun da ake samu a wannan ɗan adadi galibinsu masu sauƙi ne, kamar ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗu, sannan idan aka matsa iyakar ƙasa sosai sai ta faɗa inda na'urorin gwaji ba sa iya aunawa da tabbaci, kamfanoni kuma su koma manna gargaɗi a kan komai, wato a dawo matsalar da kika fara kokawa da ita. Ban ce wannan ya share miki tsoro ba. Yaron da likitansa ya san yana tashi a kan abu ƙanƙani, shawarar likitansa ce a gaba da kowane lissafi na gama-gari.

Mai_Inji_Kurna:
Ni aikina ke nan, bari in faɗi abin da yake cikin inji. Injin faranti idan ya markaɗa gyada, maiƙonta yana shiga tsagin farantan ya danƙare, yana kama bayan dunƙulen da yake tura hatsi, yana kwanciya a maƙogwaron da gari yake fitowa. Ko ka kaɗe da tsintsiya ka hura, idan ka kwance ƙusoshi ka buɗe murfi za ka sa yatsa ka kankaro shi baƙi-baƙi. Abin da muke yi wa mai kaya idan ya nema shi ne mu fara zuba rabin kwano na tsaba mu wuce da shi, mu ware wannan, sannan mu zuba nasa. Hakan yana kawar da wari da launi, amma ba zan rantse wa kowa cewa ya kwashe komai ba, kuma garin da ya fara fitowa kullum ya fi ɗaukar sauran na baya. Ga layi kuma, kowa yana jira da kwanonsa, ba wanda zai tsaya ka kwance inji ka wanke da ruwa da sabulu ka jira ya bushe, idan ba ka bari ya bushe ba kuma garin ya dunƙule ya yi tsami. Hajiya, idan injin kasuwa kike kai wa, kada ki gaya wa iyaye cewa babu gyada a garinki.

Dan_Maradi:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa. Amma ni abin da na sani yana hana gyadarmu shiga kasuwannin waje shi ne gubar da take fitowa daga ruɓewa, afalatoksin. Shin ba ita ce asalin abin da yake sa mutane rashin lafiya ba, ake cewa gyada ce?

Likitar_Yara:
A'a, Malam, abubuwa biyu ne mabambanta. Afalatoksin guba ce da wani fumfuna yake samarwa a gyada da masara idan an adana su da laima, tana cutar da kowa, musamman hanta, kuma yawanci a hankali take aiki. Abin da muke magana a kai kuwa gyada mai kyau ce sumul, wadda mutum dubu za su ci lafiya, amma garkuwar jikin wani ta ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba. Tsince ruɓaɓɓu yana rage ta farko, ba ya taɓa ta biyu.

Dan_Maradi:
Na fahimta, Allah ya saka. To ina da ƙari a kan asalin tambayar. A wajenmu rubutun fakiti da Faransanci yake zuwa, na kayan Najeriya kuma da Turanci, alhali uwar da take sayen garin kunu a kasuwa sau da yawa ba ta karanta ko ɗaya. Idan Hajiya za ta yi gargaɗi, ta ƙara shi da Hausa a ƙarƙashin na Turancin, da hoton gyada a gefe, kuma kada a cusa shi a ƙasan leda inda zafin injin liƙi yake cinye rubutu.

Baƙon_Amurka:
Ina so in ba da labarin abin da ya faru a nan, domin ya nuna cewa doka ma tana iya haifar da abin da ba a nufa ba. Dokar Amurka ta 2004 ta lissafa abinci takwas, sai wata doka ta 2021 ta ƙara riɗi ya zama na tara, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. Wasu manyan gidajen burodi da suka ga tsabtace injinansu daga ƙwayoyin riɗi zai yi musu tsada, sai suka fara zuba ɗan garin riɗi da gangan a burodin da a da babu shi, domin su rubuta shi a jerin kayan haɗi su huta. Doka ba ta hana ba, amma iyalan da aka yi dokar dominsu sai suka wayi gari burodin da suka saba saye ya fita daga hannunsu. Shawarar da aka ba Hajiya ta rubuta komai a kan komai, ƙanwar wannan dabara ce. Japan kuwa ta bi wata hanya dabam: ta sa iyaka ta miligiram 10 na furotin a kilo, abin da ya haura dole a bayyana shi, kuma ba ta yarda da rubutun «ƙila» ba.

Abu_Sumayya:
Na ji hujjojinku a kan madara da ƙwai. Amma ina nan a kan cewa mai ƙaramar sana'a ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da lauya, kuma lissafin miligiram da Malamin Samaru ya kawo aikin kamfani ne mai ma'aikata. Idan wani abu ya faru, ita za a kama, ba mai inji ba. Me ya sa za a hana ta abin da zai kare ta?

Mai_Duba_Inganci_Bompai:
Malam Abu Sumayya, ba a hana ta gargaɗi ba, an ce ne ya tsaya a inda dalili yake. Kuma nazarin haɗari ba lallai sai da na'ura ba. Takarda ɗaya ta isa: ta rubuta kowane kaya da take saye da wurin wanda take saye, ta rubuta abin da ake niƙawa a injin kafin nata, da mazubi da rariya da tire da take amfani da su, da ranar da take yin kowane haɗi. A masana'antarmu abin da ya fi rage mana haɗari ba gwaji ba ne, tsari ne: mu fara da kayan da ba su da gyada da safe bayan wankin injina, mu ƙare da masu gyada, mu ware ludaya da bokitai da launi, kuma ragowar haɗin da ya saura ba ya komawa sai cikin irinsa. Wannan na ƙarshe shi ne inda ƙananan masu sana'a suka fi faɗawa, domin ba wanda yake son zubar da gari, sai a juye ragowar na jiya a cikin na yau. Wani abu kuma da ya kamata a sani, man goge hannu mai barasa ba ya cire furotin gyada, ruwa da sabulu ne suke cirewa. Sannan a ƙasashen da suke bin diddigin janye kaya daga kasuwa, rashin bayyana irin waɗannan abubuwa yana cikin manyan dalilan janyewa, kuma sau da yawa asalin kuskuren shi ne an zuba kaya a fakitin wani. Hajiya tana da gari iri biyu masu kama da juna, don haka ledojinsu su bambanta da launi tun daga nesa.

Dan_Dawanau:
Likita ta ba ni amsa, na karɓa, ko da yake har yanzu ina ganin yawan abin bai kai yadda ake faɗa ba. Amma tunda an ambaci riɗi, akwai abin da na sani da idona. Buhun da ya ɗauki gyada yau, gobe gero zai ɗauka, jibi riɗi, mota ɗaya, sito ɗaya, wani lokaci a daɓe ɗaya ake shanya. Idan muna tankaɗe riɗin da za a fitar waje mukan tsinci ƙwayar gyada ko wake jefi-jefi. Ke nan ko Hajiya ta sayi injinta, geron da ta sayo ma yana iya zuwa da baƙo a ciki. Wannan lissafin raba miligiram da kilo, ya yake aiki a kan ƙwaya guda a cikin buhu?

Malamin_Kimiyya_Samaru:
Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma amsarta ita ce lissafin ba ya aiki a kan ƙwaya idan ƙwayar za ta isa bakin mai ci a dunƙule. Ƙwayar gyada ɗaya tana ɗauke da furotin da ya ninka miligiram 2 sau da yawa, kuma za ka iya ɗibar samfuri goma daga buhu ka gwada ba ka same ta ba, alhali tana cikin na goma sha ɗaya. Shi ya sa a kayan da ba a niƙawa, kamar kantun riɗi ko gugguru, idan ana iya samun ƙwaya ana yin gargaɗi ba tare da jiran lissafi ba. A garin Hajiya kuwa niƙa tana watsa ta: ko a ce ƙwayar ta kai giram ɗaya, furotin ɗinta miligiram 250 ne, a kilo 20 ya zama 12.5 a kilo, ƙasa da iyakar 50, muddin an gauraya garin sosai. Ƙwaya huɗu masu wannan girma sun kai iyakar. Saboda haka tsincewa da rairaya kafin niƙa suna cikin matakan kariya, ba tsabta kawai ba.

Mai_Gwaji_Legas:
Tunda ana maganar gwaji, kada a ɗauke shi a matsayin alƙali marar kuskure. Akwai 'yan tsinkayen gwaji da ake shafa wa jikin inji bayan wanki su nuna layi cikin mintuna, akwai kuma gwajin ELISA na ɗakin bincike da yake ba da adadi. Duka biyun suna iya rasa furotin da aka soya sosai, suna kuma iya ruɗewa da danginsa. A 2015 an janye wani garin kumin, kayan ƙamshin girki, a Ingila bisa zargin akwai almon a ciki, daga baya binciken gwamnati ya gano cewa mahalab ne, wani ɗan itace mai dangantaka da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, tsakanin 2014 da 2015 an janye kayayyaki masu yawa a Amurka saboda gyada ta gaske da aka samu a garin kumin, abin da ya nuna cewa kayan ƙamshi da ake saye a niƙe ƙofa ce babba. Na'urar da wasu suke auna tsabtar tebur da ita ta hanyar haske ba ta auna furotin gyada, don haka kada a dogara da ita a nan.

Mai_Garin_Kunu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire madara da ƙwai da alkama daga tsarin takardar, yaji da garin kunu mai gyada kuma za su fito da bayani kai tsaye. Abin da ya rage mini shi ne garin gero da dawa. Bayan maganar Malam mai inji ba zan iya ci gaba da cewa babu gyada a cikinsa ba, amma idan na rubuta gargaɗin gyada da waken suya, iyayen da na yi shi dominsu ba za su saya ba, kuma ba su da wani madadi a kusa.

Ummu_Faruk:
Hajiya, a matsayina na uwa, gara ki rubuta in rasa abin saye da in saya da amana ɗana ya sha. Ki kuma kira waɗanda suka riga suka saya ki gaya musu batun injin, kada ki jira sabuwar takarda ta fito.

Mai_Inji_Kurna:
Akwai masu injin da hatsi kawai suke niƙawa, ba sa karɓar markaɗe, saboda ba sa son maiƙo ya ɓata musu faranti. Ki nemi irinsu, ki je da sassafe kafin layi, ki tsaya a kai da kanki. Sai dai ki tambaye shi ko yana karɓar haɗin kunun yara, domin mata da yawa suna kawo shi da soyayyiyar gyada da waken suya a ciki, shi kuma a wurinsa wannan hatsi ne.

Mai_Duba_Inganci_Bompai:
Ni ban gamsu da wannan mafita ba, Malam, domin ta rataya ne a kan maganar mutumin da Hajiya ba ta da iko da aikinsa, kuma ba ta nan a sauran sa'o'in yini. Idan tana son ta sayar wa masu wannan matsala musamman, to nauyin da yake kanta ya fi na wanda kawai bai rubuta gargaɗi ba, domin cewa «babu gyada» alkawari ne. Wannan yana buƙatar ƙaramin injinta na kanta wanda gyada ba ta taɓa shiga ba, a ɗakin da ba a dakan yaji, da tsince hatsi kafin niƙa, da gwaji ko da lokaci-lokaci ne.

Abu_Sumayya:
Kuɗin inji da na janareto da na gwaji, a sana'ar da ribarta ba ta wuce ta cefane ba? Idan aka bi wannan, garin zai yi tsadar da iyayen ma ba za su iya saye ba.

Malama_Mai_Cincin:
A ƙungiyarmu ta mata masu sana'ar abinci mun taɓa tattauna sayen inji ɗaya na haɗin gwiwa wanda za a keɓe wa hatsi zalla, kowa ta biya kuɗin niƙa, a rubuta a littafi abin da aka zuba da sunan mai shi. Abin da ya tsayar da mu shi ne wanda zai riƙe makulli ya iya ce wa 'yar'uwarsa a'a ranar da ta zo da haɗin gyada tana sauri. Ina so in ji daga Malam na Bompai, idan an samu irin wannan inji kuma littafin yana tafiya daidai, sau nawa ya kamata a kai gari gwaji kafin a cire gargaɗin, kuma waken suya da kwamitin FAO da WHO bai sa a jerin abincin da ya fi muhimmanci a bayyana a duk duniya ba, shi ma sai an gwada shi ko gyada kaɗai ta isa?